Zipora da Darasin Irin Citta

Zipora ƙanwata ce, 'yar ƙanen babana, amma duk wanda ya gan mu a kasuwar Kafanchan zai ce ita ce babba, don kullum ita ke gaba, ni ina baya ina haki da kwando. Tun tana ƙarama haka Allah ya yi ta. In aka aike mu rafi, kafin in naɗa gammo ita ta cika tulu ta kamo hanyar gida. A ƙungiyar mawaƙan coci kuwa sai ta riga mai ganga shiga baiti, har shugabarmu ta gaji ta mayar da ita layin baya. Bai hana komai ba, daga bayan ma muryarta ce ke fara fita.

Ni sunana Tamar. Bokona bai yi nisa ba, citta nake nomawa ina sayarwa, kuma bakina ba ya ajiye magana. Ita Zipora ta yi karatun malanta a Gidan Waya, ta koyar a wata firamare wajen Manchok, ta auri Kaleb mai gyaran mashin, suka zauna a Kafanchan. Aji bai riƙe ta ba. Ta ce mini ta gaji da jiran alli, jiran littafi, jiran a zo daga ofis a ce mata ta fara abin da ta riga ta gama. Sai ta koma ƙungiyar mata manoma ta yankinmu, ita ce mai zagaya ƙauyuka tana koyarwa, a bayan mashin, da hular kwano da ta fi kanta girma. Babanta, Baba Azariya, ya yi ta faɗa, wai ya kai 'ya makaranta don ta huta da gona ga shi ta koma gona da takalmi. A bayan idonta kuwa ba shi da hira sai tata.

Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa, ba sai na tsaya ba wa mutanen wajenmu labari ba. Ana tsakiyar damina ganye ya fara yin ɗorawa, ka tona ƙasa hannunka ya fito da ruwa mai wari. Na ga maza manya sun zauna a kunya suna kuka. Wanda ya yi niyyar rufin ɗaki, wanda zai aurar da 'ya, duk aka yi shiru. Abin da ya rage shi ne ɗan irin da wasu suka tsira da shi, suka binne a rami ƙarƙashin inuwa suka rufe da ciyawa. Shi ke nan abin da muke da shi. In aka shuka shi gauraye da mai ciwon, ya tafi, kuma babu wani a bayansa.

Ƙungiya ta kira taro a ajin makarantar Lahadi, rani ya riga ya yi nisa. Mama Clara, shugabarmu, ta ce ƙauyuka sun yi wa Zipora yawa, mashin ɗaya ba zai zagaye su kafin shuka ba. Don haka za a shirya kwas a waya, mata su koyi tantance iri daga inda suke. Ta gayyato Baba Silvanus ya jagoranci aikin, tsohon malami ne da ya yi rayuwarsa yana koyar da masu koyarwa. Mutum ne mai natsuwa, in zai sha ruwa ma sai ya duba kofin.

Ya tashi ya yi mana bayani, kuma gaskiya bayanin ya yi kyau. Ya ce ba a gina kwas da ka. Da farko a shiga ƙauyuka a zauna da mutane, a ji me suka sani, me suke yi, wane yare suka fi ji. Daga nan a rubuta abin da ake so mace ta iya yi da hannunta in ta gama kowane darasi. A rubuta darussan, a kai wa malaman gona su duba, sannan a ɗauki bidiyo. Ko an ɗauka ma ba a sakewa, sai an gwada a kan mutane kaɗan, an gyara, an sake gwadawa.

Zipora ta ɗaga hannu, amma ba ta jira an ba ta dama ba.

"Baba, yaushe za a gama?"

"In an yi shi yadda ya kamata, zuwa kaka."

"Kaka! Baba, kaka ta wace citta? Ruwan farko na sauka mutanen nan za su buɗe ramuka. Ba za su jira mu ba."

"'Yata, darasin da aka yi da gudu, da gudu yake ɓatar da mutane. Kuskure ɗaya in ya shiga waya, ba ki da ƙafar da za ki kamo shi."

"In na yi kuskure zan gyara da yamma. In na yi shiru fa, me zan gyara?"

Aka yi ta ja. Ni dai ina gefe ina cewa a raina duka biyun nan Allah ya haɗa mu da aiki. Mama Clara ta raba gardamar: Zipora ta yi nata mai sauri don shukar bana, ta bi abin da malaman gona suka riga suka faɗa, kada ta ƙara nata. Baba Silvanus ya ci gaba da nasa dogon don gaba. Ya ce to, amma fuskarsa ba ta ce to ba.

Washegari da safe sai ga ta a gidana da waya da wuƙa. Wai hannuna take so, don hannun mai noma ne, mata za su yarda da shi. Na ce ashe fuskar ba ta yi miki ba? Ta ce Yaya Tamar, yanka kawai ki yi shiru. Ni da shiru! Muka zauna a tabarma, na yanka citta mai lafiya, cikinta rawaya garau, da tauri. Na yanka mai ciwo, cikinta ya yi duhu, ta yi laushi, tana tsattsafo ruwa. Ita tana bayani da Hausar da muke yi a kasuwa, ba ta littafi ba. Zakaran maƙwabta ya shiga darasin sau ba adadi, ta ce a bar shi, ai shi ma ɗan gari ne.

Kafin rana ta yi tsaka ta tura wa rukunin matan ƙungiya na waya. Darasin gajere ne, kafin ruwan tuwo ya tafasa ya ƙare, a ƙarshe ta yi tambaya, mace ta amsa da murya. Mata suka ce iska ta cinye maganar, ba sa ji. Ranar nan ta dawo muka sake a cikin ɗaki. Wata ta tambaya ko wuƙar da ta taɓa mai ciwo za ta iya taɓa mai lafiya, Zipora ta kira malamin gona ta ji, ta mayar da amsar darasi na biyu. Waɗanda ba su da babbar waya sukan taru wajen mai ita bayan sujada. Kai, abin ya tafi! A tasha ma na ji wata tana kunna muryar ƙanwata, na ce mata hannun nan da kike gani nawa ne, ta dube ni sama da ƙasa ba ta yarda ba.

A darasi na uku ne aka yi ɓarnar.

Mu a wajenmu, in gonar mutum ta mutu, ba ya fita roƙon iri. Kunya ba za ta bar shi ba, kuma ba a barinsa ya yi. 'Yan'uwa da maƙwabta ne ke cika kwando su kawo har ƙofar gida, a ajiye, a gaisa, a yi hirar wani abu dabam kamar ba a ga kwandon ba. Ba a dubawa a gaban mai kawowa, balle a mayar. Wanda ya mayar da kwandon iri ya ce ba ya yi da kai ke nan, kai da gidanka. Zipora ta san wannan sarai, a cikinsa ta girma. Amma tana sauri, malamin gona ya ce mata ciwon yana bin iri daga gona zuwa gona, sai ta faɗe shi yadda ta ji: "Kada ki karɓi iri daga gonar da ba ki sani ba, ko daga wa ya fito." Ina zaune a wurin ta faɗa, ya shige ni ta kunne ya fita. Ta tura.

Akwai Emilia a ƙauyenmu, gwauruwa ce, gonarta ta mutu ƙurmus. Akwai kuma Goggo Nene, matar Hammawa, Fulanin da suka zauna a tudun bayan rafi tun kafin a haife ni. Suna noma kamar mu, da rani shanunsu kan kwana a gonakinmu su bar mana taki. Gonarsu tana kan tudu, ciwon bai yi mata yawa ba. Goggo Nene ta cika kwando ta ɗora a ka, ta tsallako rafi har ƙofar Emilia. Ita kuwa Emilia, baiwar Allah, tsoro ya cika ta, ga kunya. Ta rasa yadda za ta ce, sai ta kunna wayar a gaban tsohuwar, muryar Zipora ta fito: ko daga wa ya fito.

Goggo Nene ta saurara har ƙarshe. Ta sunkuya ta ɗauki kwandonta, ta juya, ko sai an jima ba ta ce ba.

Wanda ya san ƙasarmu ya san irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mun ga abubuwa, su ma sun gani, kuma zaman da ya rage tsakaninmu da gidan Hammawa da lallaɓawa aka riƙe shi. Matan tudun suka fice daga rukunin gaba ɗaya. Tsofaffinmu kuma suka ce ashe wayar nan raba zumunci take koyarwa, a kashe ta. Har darasin yankan irin, mai kyau ɗin, aka daina kunnawa. Mutane suka ce za su shuka abin da Allah ya ba su yadda suka saba. Ga hadari ya fara haɗuwa da yamma ta wajen Kagoro.

Zipora ta zo wurina idonta ja. Na ce zauna ki sha ruwa. Ta ce ba ta da lokacin ruwa, in raka ta gidan Baba Silvanus. A hanya ta goge darasin daga rukunin, amma ina amfani, ya riga ya shiga wayoyin da ba ta san masu su ba.

Tsohon ya ji mu har muka gama. Na zaci zai yi mana wa'azi mai tsawo, sai ya ce kawai, "Da an zauna da tsohuwa ɗaya kafin a tura, da ta faɗa miki."

"Gaskiyarka ne, Baba. Na yi kuskure, kuma ya yi mini zafi. Amma ban zo don in daina ba. Zan sake shi yau."

"Yau kuma?"

"Baba, ka ga sama?"

Ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallo. Ya ce ya yarda a yi da sauri, amma abu ɗaya ba zai bari ba ko za ta yi kuka: ba za a tura sabon ba sai an yi shi a gaban mutane masu rai, Fulani da namu, tsofaffi da yara mata, an ga fuskokinsu. Ta buɗe baki za ta yi musu, na taka mata ƙafa. Ta ce ta ji.

Mu uku muka hau tudun. Zipora ta durƙusa a gaban Goggo Nene, abin da ban taɓa ganin ta yi da saurin haka ba sai ranar. Tsohuwar tana tankaɗe gari, ba ta ɗago ba.

"Goggo, muryata ce kika ji. Ba Emilia ba ce, ni ce."

"Na gane muryarki. Ina goye da Yunusa aka haife ki, ni na kai wa uwarki nono." Ta ajiye rariyar. "Ban ɗauka iri aka ƙi ba, Zipora. Na ɗauka mu aka ƙi. Abin ya ci mini rai, ban yi barci ba."

Zipora ta yi mata bayanin ciwon, yadda yake ɓuya a ciki alhali bawon yana da kyau. Ta ce ba za ta ƙara cewa kada a karɓa ba. Za ta ce a karɓa da hannu biyu, sannan mai kawowa da mai karɓa su zauna a tabarma ɗaya su yanka su duba tare. Ta roƙe ta ta sake ɗauko kwandon, ta kawo gidan Baba Azariya, a yi a gaban kowa, ta kuma yi bayanin da Fulatanci don matan tudu.

Goggo Nene ta ce, "In za a yanka nawa, a yanka na kowa. Ba nawa kaɗai ba."

Baba Silvanus ya ce wannan ita ce maganar da ya kamata ta zama kan darasin, ya kuma sa Zipora ta maimaita ta.

Bari in faɗi wani abu a nan kada in manta, don kada a ce na ci haƙƙin tsoho. Dogon kwas ɗinsa ya fito daga baya, kuma yana da kyau ƙwarai. Akwai yadda ake ajiyar iri, yadda ake hutar da gonar da ta yi ciwo, har da yarukanmu na gida, kuma ban ji ya ɓata wa kowa rai ba. Shi muke bi yanzu. Sai dai a waccan shekarar, da shi muka jira, da babu abin da za mu ajiye. Har yau in sun haɗu sai sun taɓa gardamar, shi ya kira ta Mai Gudu, ita ta tambaye shi ko ya gama duba kofin.

Ranar da aka sa, tsakar gidan Baba Azariya ta cika. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, matan tudu a gefe guda da farko, namu a gefe guda, har sai da Mama Clara ta tashi ta cakuɗa mu. Baba Azariya yana kan kujerarsa yana ta fara'a. Shi ne mai ramin iri mafi girma a ƙauyen, citta ce irin tafin giwa da ya gada daga babansa, bai taɓa sayen iri ba, bai taɓa karɓa ba, shi ke bayarwa. A bana ma ya riga ya faɗi gidajen da zai aika wa.

Zipora ta ɗaga waya. Aka fara da kwandon Goggo Nene. Ita da Emilia suka zauna gwiwa da gwiwa, ni ina miƙa wuƙa ina wankewa. Aka yanka ta farko, rawaya garau. Ta biyu haka. Aka yi ta yi, 'yan kaɗan ne suka yi laushi, Goggo da kanta ta jefar da su gefe tana bayani da Fulatanci. Emilia ta kama hannunta ta fashe da kuka, tsohuwar ta ce haba, bari mana, ana ɗaukar mu a waya. Aka yi dariya, na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Sai Baba ya ce a buɗe nasa, a nuna wa yara yadda iri yake.

Aka yaye ciyawar, aka ciko kwando. Masha Allah, in ji matan tudu, don a ido babu kamarsa, manya-manya, bawon sumul. Na ɗauki ɗaya na yanka. Cikin ya yi duhu. Na ce a raina ɗaya ce, na ajiye ta a bayana da sauri na ɗauki wata. Ita ma haka. Na sa aka tono daga ƙasan ramin, daga gefe, daga tsakiya. Warin nan da muka sani ya taso, har na kusa da ni suka ja baya. Ya Ubangiji! Ban taɓa jin wuƙa ta yi mini nauyi a hannu kamar ranar ba.

Zipora ta sauke wayar a hankali. Baba Silvanus ya matso ya ce mata ƙasa-ƙasa a yanke wannan wurin, na Goggo ya isa darasi, kada a kunyata dattijo a gaban duniya.

Baba Azariya ya ji. Ya tashi daga kujerar, ya zo ya tsuguna, ya karɓi wuƙar daga hannuna ya yanka ɗaya da kansa. Ya daɗe yana kallonta.

"Zipora, me ya sa kika sauke?"

"Baba…"

"Ba aikinki ke nan ba? Ɗaga."

Ta ɗaga, hawaye yana zuba, ba ta share ba. Baba ya juya cittar ya nuna wa wayar cikinta. Ya faɗi sunansa da sunan babansa. Ya ce wannan irin ya girmi duk 'ya'yansa, kuma da ba a yanka ba, da jibi ya raba shi gida-gida da hannunsa, ya kashe wa mutane gonaki suna yi masa godiya. Ya ce a kwashe ramin duka a kai bayan gari, a tara busasshiyar ciyawa a ƙone, kada a bar ko ɗaya don tausayinsa.

Matasa suka fara kwasa. Zipora ta dubi Baba Silvanus, shi kuma ya dubi fuskokin mutanen da ke tabarma ɗaya bayan ɗaya, ya ce mata, "Tura shi yadda yake."

Baba Azariya bai koma kujerarsa ba. Ya tsaya a bakin ramin har aka kwashe, ya rage ƙasa kawai. Sannan ya juyo, ya cire hularsa, ya tako har inda Goggo Nene take zaune.

"Nene," ya ce, "in kin ba Emilia nata, akwai saura?"